Tambayar da Baba ya yi wa ƙanwata

Shekarar da idon Baba ya rufe, ƙanwata ta zo gida hutun mako uku. Tana ƙasar waje tana digiri na uku a ilimin taurari. Ni kuwa ina koyarwa a Kalgo, duk Asabar nake hawa babur zuwa Gwandu in duba shi. Sau biyu na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu. Na gaya wa ƙanwata, amma na kasa gaya wa Baba. Na dai ce masa a ci gaba da ɗiga magani.

Wata la'asar muna zaure, ya laluba ya kamo hannunta.

"Ɗiyata, wai mi kike yi can? Mutane na tambayata, ban san abin faɗi ba."

Ta gyara zama. Ta ce akwai ƙananan taurari jajaye kusa da mu, mafi yawan haskensu irin wanda idon mutum ba ya gani ne. Suna da na'urar da ke kama wannan hasken ta baje shi kamar bakan gizo, da layuka siri-siri a ciki. In wata duniya tana zagaya tauraro, takan ɗan ja shi, ya matso ya koma, sai layukan su goce kaɗan. Wannan gocewar take aunawa.

"Kin ga duniyar da idonki?"

"A'a, Baba. Alamarta kawai muke gani."



"To wagga na'ura mai ganin hasken da ido bai gani, ba a duba min nawa da ita? Ko a gano inda hasken ya tsaya."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Ba ta ido ba ce, Baba."

"Ki dai tambayi malamanku."

"To, zan tambaya."

Daga baya na same ta bayan rumbu tana kuka. Ta ce, "Yaya, me zan tambaya?" Na tsaya kusa da ita kawai.

Bayan ta koma, duk Asabar da ya ji ƙarar babur sai ya ce, "Malaman sun yi magana?" In ce tukuna. Haka muka yi har damina ta kusa. Ran nan bai tambaya ba. Ya ce in kira masa ɗan ƙanensa daga Dalijan, shi zai noma masa gonarsa bana.