Lulluɓin Toka a Gadon Amarya

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta ranar da muka je jeren ƙanwata a wani ƙauye bayan Roni ba. Ita ce autarmu, kuma tun rasuwar Innarmu a hannuna ta tashi a Kazaure. Ɗinki ne sana'ata. Da aka sa ranar bikinta sai na buɗe adakar Inna, na kwaso tsofaffin zannuwanta na saƙi da na rini, waɗanda shuɗinsu ya koɗe har wasu suka koma ruwan toka. Na yanyanka su gida-gida, na jera daga mai duhu zuwa mai haske, na shimfiɗa auduga a tsakani, na bi da allura da hannu, na haɗa lulluɓin gado. Tun rani nake abu ɗaya har damina ta sauka. Babu ja, babu ɗorawa, babu ko fure guda. A idona dai ya fi komai kyau, kuma burina a shimfiɗa shi a gadonta.

Ashe ban shawarci Gwaggo ba. Ranar haɗa kaya ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta tambaye ni ko takaba za mu kai yarinyar. Ta ce dangin ango za su zo ganin ɗaki, su koma suna cewa tsumma muka harhaɗa wa 'yarmu. Ita ta riga ta sayo zanen gado daga Kano, ja wur, mai ƙyalli, furanninsa kamar faranti. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, amma ba a ja-in-ja da ƙanwar uba. Na ninke abina na cusa a jakata, raina a ɓace ƙwarai.

Kayan a a-kori-kura muka ɗora su, mu mata muka bi a bas. Muna dab da Roni aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Direba ya sha rantsuwa cewa tamfal ɗinsa ba ya yoyo. Da muka isa aka kwance kaya, katifa ta tsira saboda tana cikin leda, amma zanen Gwaggo ya jiƙe sharkaf, kuma ya zuba. Fararen rigunan matashin da aka ɗaure tare da shi duk sun koma kamar an yanka kaza a kansu. Ga shi bayan la'asar masu ganin ɗaki za su shigo, gado kuwa tsirara.

Gwaggo ta gama salati ta matso kusa da ni, tana kallon bango. "Ke, ina wannan abin naki?"

"Wanne, Gwaggo? Na takabar?"

"Ɗauko mini, ja'ira."

Na ciro shi daga jakata na shimfiɗa. Cikin matan da suka shigo akwai kakar ango, tsohuwa tukuf mai dogara sanda. Ba ta kalli jeren kwanuka ba, gado ta nufa. Ta shafa, ta kai shi kusa da idonta, ta tambayi wanda ya yi. Na durƙusa na amsa ina jiran abin da zai biyo baya. Sai ta ce rabonta da ganin irin wannan saƙin tun tana amarya, ta rangaɗa guɗar da ban zaci ƙirjinta zai iya ba. Kafin in ɗago, Gwaggo ta cafe ta ce ai ni 'yarta ce, hannun na gidansu ne. Har yau ba ta yarda ta taɓa kushe shi ba.

Bayan magariba aka kawo amarya tana kuka, aka zaunar da ita bakin gado. Ba ta san da aikin ba, domin a ɓoye na yi shi. Na ga hannunta ya tsaya a kan wani gida mai duhu na lulluɓin. Ta ɗage mayafinta ta duba, ta nemo ni da ido.

"Yaya, zannuwan Inna ne," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba. "Ashe ita ma ta rako ni."

Farin cikin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Tun daga ranar na koyi cewa abin da na ɗinka da zuciya ɗaya, ba na ninke shi in ɓoye don wani ya ce ba ya ƙyalli.