Ranar da Ajin Malam Kibiya Ya Miƙe

Kibiya ba sunansa na yanka ba ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ba ya iya rubuta lamba a allo bai ɗora mata kibiya a ka ba. Malamin fiziks ne a sakandare, siriri, aljihunsa kullum fari fat da garin alli. Duk duniya abu ɗaya ke ɓata masa rai: a ambaci sauri ba a faɗi inda aka nufa ba. Ko matarsa ta ce yaro ya ruga, sai ya tambaye ta, ya ruga ina? Ta daɗe da daina amsa masa.

Wannan darasi ba a aji yake yinsa ba. Fili yake fitar da yara, ya sa ɗaya ya zagaye filin ƙwallo a guje har ya dawo inda ya tashi. Sannan ya dafa shi ya ce sauri kam ya yi, amma babu inda ya je. Sauran kuwa ya jera su, su miƙe sak gabas, ba waiwaye, ba karkata, sai sun ji usur. Su ne, in ji shi, masu tafiya ta gaske.

Shekara da shekaru yana harin kujerar shugaban sashen kimiyya, yana ji yana gani na bayansa suna tsallake shi. Abin na cin ransa ƙwarai. Sai ga dama ta samu: sufeto zai zo ganin darasinsa, kuma abin da ya gani shi zai yanke magana.

Ranar, Malam ya ci ado, ya sa ɗaya ya yi zagaye, ya jera sauran, ya ja musu kunne, suka miƙe. Sufeto, mutum mai tumbi da son a saurare shi, ya cafke hannun Malam ya shiga labarin yadda shi ma ya so karanta kimiyya. Yo wa ya isa ya busa usur sufeto na magana? Malam na ta "haka ne, ranka ya daɗe", gumi na keto masa. Gabas ɗin kuwa nan ƙofar makaranta take, maigadi ya bar ta a wangale saboda motar baƙo. Yara masu biyayya, Allah ya yi musu albarka, ko ɗaya bai karkata ba. Suka fice abinsu.

Da sufeto ya gama ya tambayi ina ajin, saura mai zagayen nan kaɗai, zaune a ƙasa yana haki.

Malamin bayoloji aka ba kujerar. Da Malam ya kai labari gida, matarsa ta saurare shi tsaf, ta miƙa masa ruwa.

"To Malam, duk gudun nan da ka sha shekara da shekaru, ina ka je?"

Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ga babu kuskure a lissafinta. Washegari ya koma ajinsa na da, ya ɗauki alli.