Sinteyia Uwar Maruƙa

Duk ƙauyenmu na Kitumbeine babu wanda bai san goggona Sinteyia ba, ƙanwar mahaifina. Gajeriya ce, kunnuwanta sun sauko har kafaɗa don nauyin duwatsun ado, muryarta kuwa daga rijiya ana jin ta. Haihuwa ɗaya ta yi, ɗan bai zo da kwana ba. Tun daga nan hankalinta ya koma kan shanu. Idan saniya ta ƙi ɗanta, ita ake kira. Takan shafa wa maraƙin gishiri, ta tsuguna a kunnen uwar tana rarrashi tana zagi, har saniyar ta fara lasar abinta.

Shekarar babban fari, maza suka kora garke zuwa kan dutse neman ciyawa. Maruƙan da iyayensu suka mutu ba za su iya tafiyar ba, aka bar su a baya. Goggo ta ja jakinta gida-gida tana kwaso su, har goma sha ɗaya, ta cusa su a ɗakinta.

Mijinta Ole Mepukori, wanda ciwon gwiwa ya hana shi bin garke, ya leƙo ya ce, "Ke tsohuwa, ni kuma ina zan sa haƙarƙarina?"

Ta ce, "Kai ma uwarka ce ta mutu jiya? Ga gindin bagaruwa can."

Kullum sai ta dama kunun masara tsararo, ta sa yatsa a bakin maraƙi, ta riƙa tsiyaya masa daga gora. Da gari ya ƙare, ta kai abin wuyan aurenta kasuwar Longido ta musanyo buhu guda. Mata a rijiya suka sa ta gaba.

"Sinteyia, yaushe za a yi sunan 'ya'yan naki?"

"Ki kawo gari, yau ma sai a raɗa!"

Maruƙa huɗu suka mutu cikin mako guda. Ta zauna a ƙofa ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Washegari sai ga Ole Mepukori yana ɗingishi da doguwar sanda, yana kakkaɓo wa sauran maruƙan 'ya'yan bagaruwa. Wai gwiwarsa yake motsawa, kada kowa ya ce wani abu.

Da ruwa ya sauka, maza suka dawo da abin da ya rage. Maƙwabcinmu Parsaloi da sandarsa kaɗai ya dawo, ko saniya ɗaya babu. Kwana uku bai fito ba. Ran na huɗu Goggo ta koro karsana biyu har ƙofarsa.

"Fito ka karɓi kayanka, sun cinye ni."

Ya fito ya dube su, ya gane tsagar gidansa a kunnuwansu. Mutum da furfurarsa, sai ya sunkuyar mata da kai kamar yaro. Ta tofa a tafinta ta ɗora masa a ka.

"Enkai Ubangiji Ya yi albarka. Tashi, kada ka jiƙa min mayafi. Jar nan tana harbi, ka kula."

Sauran biyar ma ta mayar wa masu su, ba ta riƙe ko ɗaya ba.

Yanzu idanunta sun yi rauni. Da yamma takan zauna bakin shinge idan shanu suna shigowa, tana sauraron kukansu. Jiya ta kira ni ta ce, "Je ki duba baƙar can, tana ɓoye ciwo." Na je na tarar da ƙaya a kofatonta.