Zakaran Iya da Wandon Hamisu

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta iya zama hannu biyu haka nan ba. Da an gama cin tuwo bayan magariba sai ta jawo mazarinta da kwandon auduga, ta zauna gefen murhu, mu kuma jikoki mu zagaye ta muna tura gyaɗa cikin toka. Ƙauyenmu yana tsakanin Funtuwa da Malumfashi, lokacin tsinkar auduga kowa a gajiye yake kwana. Ita ma a gajiye take, tana kaɗi tana hamma. Sai mun dame ta da roƙo kafin ta ce, "To ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita mashi."

Akwai tatsuniya guda ɗaya da na fi so, ta fakara. Wai a da can fakara fara ce tas, ko'ina ta kwanta shaho yana hango ta, bai taɓa barin ta ta ga girman 'ya'yanta ba. Sai ta je wajen kunkuru, shi ne marinin daji, ta ce ya rina ta ta saje da busasshiyar ciyawa. Ya yi mata dabbare-dabbare, nan ruwan ƙasa, nan baƙi, nan fari-fari. Shaho ya yi ta shawagi bai ƙara ganin ta ba.

Kububuwa ta ji labari, ita ma ta je ta ce a yi mata irinsa. A nan Iya takan tsayar da mazari ta dube mu. "Ita fakara ta ɓuya ne don kar a cinye ta. Ita kuwa wannan, don me za ta ɓuya?" Mu haɗa baki mu ce don ta yi sara. "Yauwa. Amma marini bai tambaya ba, shi dai aka kawo aiki ya yi."

Na uku shi ne zakaran gida. Shaho bai dame shi ba, shi ma ba ya sarar kowa, ya dai ga zanen ya burge shi, yana son kaji su kalle shi. Aka rina shi, ya fita gona yana taƙama cikin ciyawa. Manomi ya hango zane yana motsi kusa da ƙafarsa, ya ɗauka kububuwa ce, bai tsaya dubawa ba ya sauke masa fartanya. Iya takan kwaikwayi kukan zakaran, mu yi ta dariya har da faɗuwa. Ni na fi kowa, nakan ce wawa ne, shi ya ja wa kansa. Sai ta kaɗe zaninta ta ce tatsuniya ta ƙare, kowa ya kwashi gyaɗarsa.

Yau shekaruna sun kusa nata na lokacin, ina zaune a Funtuwa da keken ɗinkina, kuma na haifi zakara. Hamisu ke nan, autana, shekararsa sha tara. Bara ya shigo gida da wani wando na gwanjo mai zanen kayan soja, kore da baƙi da ruwan ƙasa, aljihu har gwiwa. Ya kawo mini in rage masa ƙugu. Na ce ba da kekena ba.

"Haba Umma, yayi ne fa," ya ce, yana miƙo mini waya. "Duba mawaƙan nan, kowa shi yake sawa. Har a fim."

"Su mawaƙan suna zuwa gona?"

Ya yi dariya ya kai wa wani tela a bakin kasuwa. Na yi faɗa har na gaji. Na ce masa in sojoji suka gan shi za su sa shi tsallen kwaɗo a tsakiyar titi, ya ce ai ba zai bi ta gabansu ba. Abin da ban faɗa ba, don bakina ya yi nauyi, shi ne ba sojoji kaɗai ke sa wannan zanen ba yanzu. Waɗanda suke fitowa daga daji su kwashe mutane ma shi suke sawa. A ƙauyukanmu in an hango shi daga nesa ba a tsayawa tambaya.

Da kaka ta yi, yayana Sale, wanda ya riƙe gonar gidanmu, ya aiko a kai masa buhunan zuba auduga. Hamisu ya ɗaura su a babur ya tafi, ban ga kayan da ke jikinsa ba. Babur ɗin ya mutu masa kafin ya isa, sai ya jingine shi ya ɗauki buhunan ya yanke ta cikin dawa, wadda ta fi shi tsawo. Ya ɓullo kan mata masu tsinkar auduga, sanye da wandon nan, fuskarsa ɗaure da ƙyalle saboda ƙaiƙayi. Ba wadda ta dubi buhunan. Suka zubar da kwanduna suka kwasa da gudu suna ihu, wata dattijuwa ta faɗi ta karye a hannu. Kafin ya gane shi ake gudu, 'yan sa-kai sun iso da bindigoginsu na toka.

Sale ne ya ba ni labari. Ya ce da ya iso sun kwantar da yaron rub da ciki, ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Hamisu yana ta faɗin sunan kawunsa, ba mai saurare. Sai da Sale ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa yana cewa, "Ɗan Hajara ne, ɗan ƙanwata ne, ku dubi fuskarshi!" Aka cire ƙyallen, wani ya gane kamannin gidanmu.

Ban iya jin haushin 'yan sa-kan ba. Mutanen da suka shekara ba su yi barcin kirki ba, me zan ce masu? Na je na duba dattijuwar, na ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Hajiya, mun gaji ne." Na ce ni ma.

Hamisu ya dawo da kumburin fuska, ya kwana uku bai taɓa wayarsa ba. Ni na ɗauki wandon na cusa a murhu. Ya ƙi kamawa da kyau, sai narkewa yake yana wari, na zauna ina tura shi da itace. A nan gaban wutar ne muryar Iya ta dawo mini, da kukan zakaran da take kwaikwaya, da dariyata. Sau nawa na ji tatsuniyar nan, na tambayi Iya ina kunkuru ya sami baban rini, na tambaye ta ko fakara ta ƙyanƙyashe. Ban taɓa tambayar ta ko zakaran nan yana da uwa ba.