Ƙayoyin Madam

Kawuna Kailu ya yi shekara arba'in yana tumɓuke ƙaya a gonar hatsi a Tabla, sai ga shi da furfurarsa an ɗauke shi aikin ba ƙaya ruwa. Wallahi ba wasa nake ba. Matar kumandan, Baturen mulki na Filinge, wadda kowa ke ce wa Madam, ta zo da tukwane goma sha biyu daga ƙasarsu, kowace da dunƙulen ƙaya a ciki da ɗan katako mai sunanta. Wata kamar kabewa, wata doguwa mai farin gashi. Kawu na son aikin nan kamar ransa, don bayansa ya daina yarda da noma.

To, manomi ne. Ya ga shuka a busasshen yashi, tausayi ya kama shi, ya dinga ɗura musu ruwa safe da yamma. Wata guda ba a yi ba, mai kamar kabewar ta ruɓe.

Bai gaya wa kowa ba. Ya shiga daji ya haƙo tinya, ƙayar nan mai farin nono, ya dasa a tukunyar, ya soke katakon a gindinta. A wurinsa ƙaya iri biyu ce kawai: ka karce ta da wuƙa, in ta fid da farin nono dafi ce, tana makantarwa, in ba ta fitar ba, ba ruwanka da ita. Ta biyu ta mutu, ya kawo ƙerana. Kafin damina biyu duk tukwanen sun zama 'yan ƙasarmu Kurfai. Madam kuwa ba ta shiga rana, daga baranda take leƙowa tana murna ƙayoyinta sun yi ƙiba.

Ran nan wani Bature malamin gona ya zo daga Yamai, Madam ta ja shi garka ta yi masa burga. Ya karanta katako, ya dubi shuka, ya yamutsa fuska. Sai ya zaro 'yar wuƙa ya yanki tinya. Nono ya ɓulɓulo masa a yatsu, ga gumi na zubar masa, ya ɗaga hannun zai share ido.

Kawu na tsaye da tulu. In ya yi shiru, aikinsa na nan. Ya yar da tulun ya cafke hannun Bature.

"Kak ka taɓa ido, Bature! Wagga tinya ta, ni na ɗebo ta bayan gari!"

Tafinta ya fassara. Madam ta nuna tukunya ta biyu.

"Ita ma," in ji Kawu.

Haka ta bi su ɗaya ɗaya har goma sha biyu, yana amsawa kansa a ƙasa. Kafin azahar gardi ya raka shi bakin ƙofa.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, Baturen nan ya koma Yamai da idanunsa biyu garau, ko sannu bai aiko ba. Kawu kuwa da daminar nan ya koma gona, yana noma yana dafe ƙugu.