Liƙi a Goshin Habibu

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa a ƙasar Kabo, ban taɓa mantawa da ranar da na yi gadin goshin wani yaro ba, gadin kuma ya gagare ni. Ku da kuka karɓi badujalar makaranta daga hannunmu, ku ji yadda aka yi.

Ni mutumin kudancin Kaduna ne, amma a wata firamare ta wajen Durun na ƙarar da ƙuruciyata, har yara ba su san ni da wani suna ba sai Malam Bulus mai badujala. Badujalar ba wata babba ba ce: babbar ganga ɗaya, 'yan ƙananan ganguna, da bigila biyu da aka saya tun kafin gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Daga nan ko sanda ba a ƙara mana ba, mu ne ɗinki, mu ne faci. Ga wanda bai san aikin ba, babbar ganga ita ke riƙe da tafiya. Duk bugunta ɗaya, ƙafar hagu ce ke sauka ƙasa. In ta yi tuntuɓe, layin fareti gaba ɗaya ya koma kasuwa.

Habibu ɗan aji biyar ne da ya fi sanin hanyar rafi a kan hanyar aji. Wata rana muna gwaji na ji wani bugu daga bayan sito yana tafiya daidai da namu. Na leƙa, sai ga shi da tsohon gwangwanin mai da kara biyu. Maimakon bulala na miƙa masa sandar babbar ganga, na ce amma wanda bai zauna aji ba, ba ya taɓa ta. Tun daga ranar yaron nan ya riƙa riga mai gadi zuwa makaranta. Ban ɓoye ba, na ƙaunace shi.

A shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kiɗan biki ya yi sanyi, kowa na taka-tsantsan. Hedimasta ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya dawo da cewa fareti horo ne, a ci gaba. Ofis ya yarda, saura iyaye. Sai ga saƙo daga mahaifin Habibu, Malam Garba, manomi mai jan salla a masallacin unguwarsu, cewa yana son ganina.

Na same shi a zaure. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona da gajiya, sannan ya gyara zama.

"Malam Bulus, ba ni da ƙorafi a kanka, yaro ya shiryu a hannunka. Amma mu gidanmu ba a kiɗa. Tun kakanni noma muka gada da karatu, ba roƙo ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, maroƙi yana kiɗa ne don a ba shi. Wannan kuwa don ƙafafun yara su daidaita ne, ba a kiran sunan kowa, ba a wasa kowa."

Ya ja gemu, ya ce, "To, ya buga. Amma duk ranar da wani ya liƙa masa ko kwabo ne, ya zama maroƙi ke nan, a ranar zai ajiye sanda. Kuma kada in ji ganga a gidana."

Na amsa, na fito. Na san in Habibu ya ajiye sanda, da ita zai ajiye makaranta.

Ashe duk maganar nan a kunnen Inna Hajjo muka yi ta, mahaifiyar Malam Garba, tana bayan zana. Ita ta raba gardamar gwaji a gida. Ta cika tsohon buhu da dusa ta ajiye a ɗakinta, Habibu na bugunsa ba ƙara, ita kuma tana riƙe masa tafiya da tafi. Kun san wasan kaka da jika, ba ta kiransa sai "mijina". Har saƙo ta taɓa aiko mini: "A gaya wa malamin mijina, hannun hagunsa rago ne, a matsa masa." Na duba, wallahi gaskiyarta.

Da Ranar Yara ta zo, makarantu suka hallara a fili a Kabo. Tsarin shi ne kowace makaranta ta zagaya da badujalarta, ta wuce gaban rumfar manyan baƙi. Na roƙi abokin aikina Malam Sabo ya tsaya dama da Habibu, ni ina hagu, duk wanda ya taso da hannu a aljihu mu tare shi. Malam Garba na can gefen rumfa a tsaye, ya sha mur.

Habibu ya ɗaga sanda ya sauke. Ban taɓa jin tsohuwar gangar nan ta yi magana kamar ranar ba. Ƙafafu suka riƙa sauka tare, 'yan kallo suka kaure da tafi. Wani Alhaji ya taso yana lalube a babbar riga, na tare shi da gaisuwa, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har layi ya wuce. Ina cikin jin daɗin dabarata, sai na hangi wata tsohuwa ta ratso ta ɓangaren Malam Sabo tana kwance bakin zane. Shi kuwa, ganin tsohuwa, sai ya rusuna ya ba ta hanya.

Inna Hajjo ce. Ta warware wata takardar kuɗi da ta sha ƙulli, ta manna a goshin Habibu, ta rangaɗa guɗa. Gumi ya riƙe takardar ram, ta rufe masa ido ɗaya. Yaron ya san abin da ya faru, don na ga hawaye na bin kumatunsa. Hannayensa biyu suna kan aiki, ba damar cirewa. Haka ya wuce gaban rumfa, da ido ɗaya, yana kuka, bai kuskure bugu ko ɗaya ba.

Da aka tashi, Malam Garba ya nufo mu. Habibu ya sauke ganga, ya durƙusa ya ajiye sandar a gaban mahaifinsa tun ba a ce masa komai ba. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Inna ta riga ni. Da yake Malam Garba ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, sai ta dubi gefe tana magana.

"Wa ya roƙe ni? Mace ta ga mijinta ya yi abin kai ta yi masa kyauta, ina ruwan wani a ciki?"

Malam Garba ya sunkuyar da kai. "Inna, ai ban ce komai ba."

Ya juyo gare ni, yana danne dariya a cikin gemu. "Malam Bulus, me na ce maka a zaure?"

"Ka ce duk ranar da wani ya liƙa masa."

"To, wani na ce. Inna kuwa ba wani ba ce."

Ya duƙa ya ɗauki sandar, ya kaɗe mata ƙura, ya saka a hannun ɗansa. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Ashe ƙafar hagu ce ke sauka a kan bugun? Na lura." Malam Sabo ya rantse ya ga ƙafar Malam Garba na motsi a ƙarƙashin riga lokacin da muke wucewa, amma ni ban gani ba, ba zan yi masa shaida ba.

Habibu ya gama firamare, ya wuce sakandare. Abin da na koya shi ne, mu malamai sanda kawai muke miƙawa, a gida ake riƙe ta. Kuma uban da ya gindaya maka sharaɗi ba lallai ƙin abin yake yi ba, sau da yawa ƙofar da zai shigo da mutuncinsa yake nema. Tun daga ranar, kafin in ba yaro ganga ko bigila, sai na je gidansu na gaida mahaifinsa. In mun gama, in ce a yi mini iso wurin tsohuwa.