Ni Na Rufe Ajin da Ya Dawo da Mijina Coci

A lokacin ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu da ke Federal Low-Cost, kuma babu mai ja da maganata. Abu ɗaya ke ci mini rai: maigidana, tsohon malamin makaranta, ya daina zuwa sujada tun da ya yi ritaya. Na yi addu'a, na yi azumi, na yi mita har na gaji da jin muryata.

Sai wata gwauruwa da ta yi makarantar tauhidi ta fara koya wa mata nassi ranar Laraba da yamma, a rumfar bayan coci. Baiwar Allah ta iya koyarwa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Maigidana kan kawo ni ya jira a mota. Wata rana ya fito ya zauna a bencin baya. Kafin wata biyu ya sayi littafin rubutu, wasu maza uku suka bi sahunsa. Maimakon in yi murna, sai raina ya ɓaci, don mata sun koma kai mata damuwarsu, ni kuwa sai ranar rabon anko ake tunawa da ni.

Na je gaban dattawan ikilisiya da ayoyina a hannu, na ce ga mace tana koyar da maza, alhali nassi bai yarda ba. Wani dattijo ya tuna mini cewa a cikin nassin nan akwai matan da suka ja ragamar jama'a, ya kuma tambaya ko na yi magana da ita tukuna. Na ce ba sai na yi ba. Aka yanke cewa ajin na mata ne zalla. Ita ba ta yi gardama ba, ta dai ce ba za ta iya korar wanda ya zo neman Maganar Allah ba, ta ajiye aikin.

Maigidana ya tambaye ni sau ɗaya ko na san wanda ya kai ƙarar. Na kawar da zancen, shi kuwa bai sake tambaya ba.

Har gobe masana na jayayya kan ayoyin nan, ni ban isa in raba su ba. Abin da na sani shi ne ba kishin nassi ya kai ni ba, kishin kujera ne. 'Yan uwana mata, kafin ku ɗauki aya ku nufi wata da ita, ku binciki zuciyarku. Na je na nemi gafararta, ta yafe mini, amma ajin bai dawo ba. Kowace Lahadi maigidana kan sauke ni a ƙofar coci ya juya gida, littafin nan kuwa yana cikin motar, ko rabi bai cika ba.